Ukulele Soprano: Wanne Ne Ya Cancanci Dala Dubu?

Tsawonsa duka-duka santimita 53 ne, nauyinsa bai kai rabin kilo ba, tsirkiyarsa huɗu kacal. Yaro ɗan shekara biyar zai iya rungumarsa ya zaga gida da shi. Amma a shagunan kayan kiɗa na Honolulu da Tokyo da New York akwai irinsa da ba a sauko da shi daga bango sai mutum ya ajiye dala dubu, akwai kuma wanda sai an ajiye wajen dubu biyar. A wannan bangon dai za ka ga wani mai kama da shi, fitowar masana'antun ƙasar Sin, ana sayar da shi dala talatin. Sunansa ukulele soprano. Shi ne ƙarami a cikin nau'o'i huɗu da aka saba da su, kuma shi ne na asali. Duk mai hankali zai so ya san abin da wannan kuɗi yake saya a jikin ɗan katakon da bai fi kamu biyu da rabi ba, kuma a cikin gidajen da suka yi suna wajen haɗa shi, wanne ne kayansa suka kai kuɗinsu.

A watan Agusta na 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya tsaya a Honolulu, a tsibiran Hawai, ɗauke da mutum sama da 400 daga tsibirin Madera na ƙasar Fotugal, an kawo su ƙwadago a gonakin rake. A cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo. Da wa'adin ƙwadagon ya cika sai suka koma sana'arsu, suka buɗe shaguna a birnin, suna yin kayan ɗaki, suna kuma haɗa ƙananan kayan kiɗan garinsu, machete mai tsirkiya huɗu da rajão mai biyar. Suka ɗauki girman na farko, suka aro salon ɗaurin tsirkiyar na biyu, suka yi aikin da katakon koa da suka tarar a tsibirin. Abin da ya fito shi ne ukulele. Sarki Kalākaua ya so shi ƙwarai, ya shigar da shi kiɗan fada, shi ya sa mutanen Hawai suka riƙe shi tamkar gadonsu. A 1915, wajen babban baje kolin da aka yi a San Faransisko, sauran Amurkawa suka ji shi a rumfar Hawai, wani maƙerin tsibirin mai suna Jonah Kumalae ya samu lambar zinariya, kasuwa ta buɗe. Manyan nau'o'in, concert da tenor, sai a shekarun 1920 suka yaɗu, baritone kuwa sai a shekarun 1940. Kafin nan idan an ce ukulele, wannan ƙaramin ake nufi, har yau ma gidan Kamaka bai kiransa soprano, sunan da yake ba shi yana nufin na ƙa'ida ne kawai.

Ƙanƙantarsa ita ce ke wahalar da mai haɗa shi. Daga inda tsirkiya ta tashi a kan wuya zuwa jakin da take hawa a fuska, santimita 33 ne zuwa 35, alhali na tenor 43 ne. A wuyan an jera ƙananan ƙarafa a gicciye, waɗanda yatsa ke danna tsirkiya a bayansu don sauya murya. A tsirkiya gajera irin wannan, idan ƙarfe ɗaya ya goce da kaurin farce, kunne zai ji. Idan jaki ya yi tsayi, danna tsirkiyar kaɗai ya isa ya ja ta, muryar ta haye sama da inda ya kamata. Ga kuma cikin ɗan mitsitsi, iskar da ke ciki ba ta da yawa, tsirkiyoyin ba su da ƙarfin ja. Idan fuskar ta yi kauri, ko an cika mata sandunan tokare daga ciki, ko an lafta mata shafen sheƙi, tsirkiyar ba za ta iya girgiza ta ba, sai ka ji sauti a shaƙe. Idan kuma an fiƙe ta fiye da kima, ja zai lotsa ta ko ya tsaga ta. Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗan siririn wuri, kuma gwanintar samun wurin nan ita ce abu na farko da kuɗin mai saye ya kamata ya biya.

Shi kansa sautin da ake nema ya sha bamban da na jita. Wanda ya taɓa jin kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ya san yadda ƙaramin abu ke yanka hayaniyar taro da amo gajere mai kaifi, yana fita yana ɗaukewa, hannu yana ta sabunta shi. Soprano na kirki haka yake. Yana amsawa nan take, bai jan amo, kuma da yake tsirkiyar da ke sama ba ita ce mai kaurin murya ba, an ɗaure ta ne da siririyar murya, duk inda hannu ya bi, sama ko ƙasa, da zaƙi yake ƙarewa. Mai neman amo mai tsawo da kauri ya nemi tenor, zai fi samun biyan buƙata.

Martin da magadansa

Abin da mutane da yawa ba su zata ba shi ne, ma'aunin da ake gwada soprano da shi a yau ba daga Hawai ya fito ba. Daga garin Nazareth ne na jihar Pennsylvania, inda kamfanin C. F. Martin, wanda aka kafa tun 1833, yake yin jita. Sun fara gwada ukulele a 1907, suka haɗa shi da nauyi irin na jita, bai karɓu ba. Wajen 1916 suka dawo da dabara sabuwa: katakon mahogani zalla, fuska da baya da gefe, an fiƙe shi sosai, tokare kaɗan, shafe ɗan siriri. Wannan karon abin ya kama. A 1926 kaɗai sun haɗa sama da 14,000, kuma kuɗin ukulele ne ya faɗaɗa musu masana'anta a wancan lokaci. A shekarar ce ma wani ma'aikacin jirgin ruwa, Richard Konter, ya tafi da Martin ɗinsa cikin ayarin Richard Byrd zuwa yankin ƙanƙara na ƙarshen arewacin duniya, daga baya manyan mutane suka cika jikinsa da sa hannu.

Martin ya jera kayansa da lamba. Lamba 0 ba shi da ado ko kaɗan. Lamba 1 yana da baƙin zagaye a baki, lamba 2 fari, lamba 3 an ƙara masa layuka da tsawon wuya har ƙarafa 17. Babu lamba 4. Sai 5K, wanda ya fito a 1922, na katakon koa mai zane, an zagaye shi da ɓawon wata dabbar teku mai walƙiya kamar bakan gizo. A lokacin lamba 0 dala 10 ne, 5K kuwa dala 50. An daina yin 5K shekaru masu yawa, aka dawo da shi a 2006, kuma shi ne wanda ake biya wa wajen dala 5,000 a yau.

A nan ne nake da magana. Ka ɗauki tsohon lamba 0 na shekarun 1920 ko 1930 a hannu: abin da zai fara ba ka mamaki shi ne rashin nauyi, wajen giram 300 ne, kamar babu komai a ciki. Ka ƙwanƙwasa fuskarsa da bayan yatsa, zai amsa da wani busasshen amo mai tashi. Ka leƙa ta ramin fuskar, za ka ga hatimin kamfanin an buga shi a jikin katako, ga ƙanshin tsohon itace. Ka ja yatsa a kan tsirkiyoyin sau ɗaya, sautin zai daki ƙirjinka ta baya kafin ya kai kunnenka. Wannan amsawar, lamba 0 yana da ita daidai da lamba 3, domin ginin cikinsu ɗaya ne. Abin da ke tsakanin dala 10 da dala 50 a wancan zamani ado ne da tsadar katako da kwanakin da mai yi ya ɓata yana dasa ɓawo ɗaya bayan ɗaya. Aikin hannu ne na gaske, ya cancanci yabo, wanda ya saye shi don kyansa bai yi asara ba. Amma kada ya ɗauka ya sayi sauti ninki biyar.

Tsofaffin Martin suna da yawa a kasuwar gwanjo saboda yawan da aka yi, sai dai saye ne na ido buɗe. Galibinsu ba su da lambar shekara, don haka da alamomi ake gane zamaninsu: na kafin farkon shekarun 1930 hatimi ne a bayan kai, na baya kuma tambari ne a gaban kai, kuma daga farkon shekarun 1960 aka ƙara rubutun da ke cewa a Amurka aka yi a hatimin ciki. Tsaga a baya ko a fuska abu ne da aka saba gani, idan gwani ya gyara ba ya hana komai. Abin tsoro shi ne wuyan da ya lanƙwashe da jakin da ya fara ɗagowa. Sabon Martin mai sauƙin kuɗi, S1, a masana'antarsu ta Navojoa a Meziko ake yin sa. Yana da kyau daidai kuɗinsa, amma bai kai tsofaffin sakin murya ba.

Waɗanda suka fi kowa riƙe wannan gado a yau, a ganina, Japanawa ne. Kamfanin Kiwaya na Tokyo ya faro tun 1919, kuma daga 1955 yake sayar da ukulele da sunan Famous a cikin Japan. Samfurinsa KTS-4 bin sawun lamba 0 ne ƙeƙe-da-ƙeƙe: mahogani zalla, ƙarafa 12, ba ado, jiki sakayau. KTS-7 kuma yana bin lamba 3. Inda suka ɗara Martin shi ne tsabtar aiki. Ka shafa yatsa a gefen wuyan, ba za ka ji bakin ƙarfe ko ɗaya yana karce ka ba. Ka leƙa ciki, ba ɗigon gam. Muryoyin suna zama daidai tun daga ƙarfe na farko har na ƙarshe, abin da tsofaffin Martin ba kullum suke cikawa ba. Kuɗin KTS-4 kuma bai kai na manyan gidajen Hawai ba. A Ingila ma akwai Ken Timms, mutum ɗaya da ke haɗa irin lamba 0 da hannunsa, masu son wannan salo suna rububin kayansa.

Gidajen Hawai

Kamaka ne babba a shekaru da daraja. Samuel Kamaka ya fara a 1916 a unguwar Kaimuki, kuma a cikin masu yin ukulele na Hawai na wancan zamani gidansa kaɗai ya rage yana aiki a hannun iyali ɗaya har yau. Shi ne ya ƙirƙiro jiki mai siffar abarba, wato ba tare da ƙugun nan da aka matse a tsakiya ba, ya yi masa rajistar mallaka a 1928. Dabara ce mai sauƙi: lanƙwasa gefen ya fi sauƙi, iskar ciki ta ƙaru, sautin ya ɗan ƙara cika. Bayan rasuwarsa a 1953 'ya'yansa Samuel ƙarami da Fred suka riƙe gidan, kuma tun 1959 masana'antar tana kan titin South Street a Honolulu.

Akwai wani abu a tarihin gidan nan da nake so mai karatu ya tsaya a kai. Daga 1955 Kamaka ya fara ɗaukar kurame aiki, har suka zama cikin manyan gwanayensa. Ƙarar injuna ba ta damun su, sannan suna auna kaurin fuska ta hanyar ƙwanƙwasa katakon da yatsa su ji girgizarsa a fatar hannu. Mutanen da ba su taɓa jin kiɗan ukulele ba su ne suka yi shekaru suna yanke hukuncin wane katako ya kai, wane ne da saura. Ban san wata hujja da ta fi wannan nuna cewa ingancin soprano a girgizar katako yake ba, a wurin da ido ba ya gani.

Soprano ɗinsu na yau shi ne HF-1, mai siffar abarba kuma HP-1. Jikin koa ne da aka ajiye ya bushe aƙalla shekara huɗu, wuyan mahogani ne, adon kaɗan ne, tambarin haruffan K biyu a kai. Kuɗinsa ya haura dala dubu. Sautinsa a natse yake, zagayayye, ba tsirkiyar da ke danne 'yar'uwarta. Wanda ya ɗauke shi a shago karo na farko yana iya cewa bai da ƙara, kuma da dalili: baƙaƙen tsirkiyoyin nailan da kamfanin ke ɗaura masa masu kauri ne, suna tausasa murya. Masu kiɗa da yawa suna sauya su da sirara, nan take sai kayan ya buɗe. Kamaka ya fi tsohon Martin ɗan nauyi, bai kai shi tsalle ba, amma ya fi shi zurfi, kuma a rakiyar waƙa, inda murya ce a gaba kiɗa a baya, ban ga wanda ya fi shi ladabi ba. Shi ne kuma wanda ya fi riƙe darajarsa idan an tashi sayarwa. Jake Shimabukuro, wanda bidiyonsa a YouTube ya farfaɗo da ukulele a duniya a 2006, Kamaka yake kaɗawa, sai dai nasa tenor ne, don haka kada a auna soprano da abin da aka ji a hannunsa.

KoAloha kishiyar Kamaka ne a hali. Alvin Okami ya kafa shi a 1995 bayan ya yi sana'ar kayan roba, kuma bai ɗauki tsohuwar hanya a matsayin dole ba. Maimakon sandunan tokare da yawa, ya sa katako guda mai kama da firam wanda ya zagaye cikin jikin ya riƙe fuska da gefe da baya lokaci ɗaya, sauran fuskar kuma ya bar ta ta yi rawa. Ana gane kayansa daga nesa: kai mai tsini biyar kamar kambi, ramin fuska mai kusurwa uku a zagaye irin curin shinkafar da ake ci a Hawai. Soprano ɗinsu KSM-00 shi ne ya fi duk na Hawai ƙara. Sautinsa a buɗe yake, mai haske, yana tashi tun daga taɓawa ta farko, ba ya jiran a sauya masa komai. A taron masu kaɗawa goma, shi za ka fara ji. Aibinsa yana cikin wannan baiwar: mai nauyin hannu zai same shi da tsiwa, kuma zanen katakonsa sau da yawa bai kai na maƙwabtansa ɗaukar ido ba. Suna da layi mai rahusa, Opio, da ake haɗawa a Tailan da wani katako ɗan'uwan koa, ginin ciki iri ɗaya, kuma tazarar sautinsu ba ta kai tazarar kuɗinsu ba.

Kanileʻa na Joe da Kristen Souza, wanda suka kafa a 1998 a garin Kāneʻohe, shi ne mafi kyan gani. Shafensu ana busar da shi da hasken fitila na musamman, yana fitowa kamar madubi, zanen koa ya fito raɗau. Tsirkiya ana soke ta ne da 'yan ƙusoshi a jaki kamar na jita. Faɗin wuyan milimita 38 ne, alhali na yawancin soprano 35 ne zuwa 36, kuma wuyan yana haɗuwa da jiki a ƙarfe na 14 maimakon na 12. Ga mai kaurin yatsu wannan rahama ce, milimita biyu ko uku a nan suna raba kiɗa mai daɗi da takura. Sautinsa mai ɗumi ne, yana jan amo fiye da sauran. Sai dai duk waɗannan gyare-gyare suna matsar da shi zuwa halin concert. Kaya ne mai inganci ƙwarai, amma wanda ya zo neman tsallen nan na soprano zai ga an rage masa shi. Akwai gida na huɗu, Koʻolau na iyalin Kitakis a Wahiawa, amma sun fi shahara a manyan nau'o'i da aikin oda.

Koa, mahogani da tsirkiya

Rabin kuɗin soprano na Hawai labarin koa ne. Itace ne da ba ya fitowa da kansa ko'ina a duniya sai a tsibiran nan, dangin bagaruwa da gawo ne na nesa, kuma da shi mutanen Hawai na da suke sassaƙa kwale-kwalensu na teku. Dazukansa sun ragu ƙwarai saboda sara da kiwo. Shanun da Kyaftin George Vancouver ya kawo wa Sarki Kamehameha kyauta a 1793 sun yaɗu, suka yi ta cinye 'yan tsiron kafin su girma, daga baya kuma aka share dazuka don yin makiyaya. Yawancin koa da ake aiki da shi yanzu daga matattun itatuwa ne da waɗanda suka faɗi a filayen masu zaman kansu. Kanileʻa ya cancanci yabo a nan, domin yana dasa koa a filinsa da ke babban tsibirin Hawai, itace ɗaya a madadin kowane ukulele da ya haɗa.

Koa yana da daraja hawa-hawa gwargwadon zanensa. Akwai mai layi miƙaƙƙe, akwai mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa wanda ke sauya launi idan an juya shi a haske. Na biyun yana iya ƙara ɗaruruwan daloli a kan kaya iri ɗaya. Zanen ido yake ciyarwa. Masu haɗa kaya da yawa ma sun fi amincewa da miƙaƙƙen a fuska, saboda ya fi tsayawa da ƙarfi idan an fiƙe shi. Mai kuɗi daidai wa daida ya ɗauki marar zanen da zuciya ɗaya.

Shi kuwa mahogani na asali daga tsakiyar Amurka da kudancinta yake, kuma tun 2003 cinikinsa yana ƙarƙashin sa idon yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai da dabbobi, wato CITES. Wannan ya sa masana'antu da dama suka koma ga ɗan'uwansa na Afirka, dangin Khaya, wanda maɗacin da muka sani a bakin titunanmu yana cikinsu. A taƙaice mahogani yana ba da sauti busasshe mai naushi a tsakiya, koa kuma yana ƙara ɗan ƙyalli a sama. Amma hannun mai yi ya fi sunan itace tasiri: KoAloha da Kamaka duk koa ne, kuma ko makaho zai raba su.

Tsirkiya ma tana da nata rabo, har takan ruɗi mai gwadawa. Da hanjin dabba ake yin ta, nailan ya maye gurbinsa bayan yaƙin duniya na biyu. Yanzu akwai fulorokabon, wanda asalinsa zaren kamun kifi ne daga Japan, siriri mai haske, irin na Worth da na Martin M600. Akwai kuma Nylgut na kamfanin Aquila a Italiya, mai kwaikwayon hanji, mai ƙara. Kaya ɗaya zai yi murya uku da waɗannan ukun. Sannan yawancin takardun kiɗa na shekarun 1920 an rubuta su ne da ɗauri mafi tsauri, A D F# B, maimakon G C E A na yau. Soprano da yawa, musamman masu salon Martin, idan aka ɗaga su zuwa wancan ɗaurin sai su farka kamar an sauya su. Duk wanda zai yanke wa soprano hukunci bai gwada wannan ba, ya yi gaggawa. Kuma kada a ce ƙaramin kaya ne, iyakarsa rakiya: Herb Ohta ya yi shekaru yana kaɗa manyan waƙoƙi da Martin lamba 3, marigayi John King kuma ya kaɗa Bach da ƙaramin ukulele, kowace murya a tsirkiya dabam, suna amsa juna kamar ƙararrawa.

Gwajin da ya fi kowanne amfani a shago ba ya cin minti biyu. Ka saita tsirkiya, ka kaɗa ta a sake, sannan ka danna ta a ƙarfe na 12, wanda shi ne rabin tsawonta. Dole murya ɗaya ta fito, sai dai a sama. Ka fi mai da hankali ga ta uku, mai kaurin nan, ita ce ke yawan hayewa. Ka duba maɗauran da ke kai: na gargajiya da matsi suke riƙewa, ba su da nauyi amma suna son sabo, na zamani irin Gotoh UPT suna da giya a ɓoye, juyi huɗu na hannu ya ba da ɗaya, ga sauƙi ga riƙe siffar da. Manyan maɗaura masu kunnuwa a gefe suna sa kai ya rinjayi jiki a kaya marar nauyi irin wannan. Daga nan ka ba wani ya kaɗa, kai ka koma nesa ka saurara, domin abin da mai riƙe da shi ke ji ba shi ne abin da ɗaki ke ji ba. Idan da hali ka gwada biyu ko uku na samfuri ɗaya, katako ba ya maimaita kansa.

Idan aka ce in zaɓa, ga inda na tsaya. Mai son ainihin muryar soprano ya nemi Kiwaya KTS-4, ko tsohon Martin lamba 0 ko 1 mai lafiya idan yana da wanda zai duba masa. Mai son kayan da zai bar wa 'ya'yansa, mai natsuwa a ƙarƙashin waƙa, Kamaka HF-1 ne nasa, ya sauya tsirkiya kawai. Mai kiɗa a cikin jama'a ba tare da lasifika ba ya ɗauki KoAloha. Kanileʻa na mai manyan yatsu ne da mai son amo mai tsawo. 5K kuwa kayan ajiya ne na mai wadata.

Sauran magana ta mai karatu ce da ke zaune a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, wanda zai yi odarsa ko a kawo masa tsaraba. Duk waɗannan kaya katako zalla ne mai kaurin da bai kai milimita biyu ba, kuma suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu laimarmu takan sauka ƙasa da kashi 20. Katakon zai tsuke, bakin ƙarafan wuya ya fito yana karce hannu, fuskar ta lotsa, wata rana a wayi gari ta tsage daga jaki zuwa ƙasa. Da damina kuma ya kumbura, tsirkiya ta yi nisa da wuya. Zafin mota a rufe yana narkar da gam cikin sa'o'i kaɗan. Mai niyyar kashe dala dubu ya haɗa da akwati mai tauri, da ɗan ma'aunin laima, da soso mai danshi a cikin gwangwaninsa mai huji, ya riƙa jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku daga Nuwamba zuwa Maris, kuma kada ya rataye kayan a bango. Wanda ya san ba zai iya wannan hidima ba, ya sayi Kiwaya KS-1 ko KS-5, waɗanda aka yi da siraran katako da aka manne hawa-hawa. Kuɗinsu bai kai rabin na Kamaka ba, muryarsu daidai take, kuma sun fi jure hunturu.